Rawani Da Murya: Tarihin Wasannin Talabijin Masu Dogara Ga Ɗan Wasa Guda

Gabatarwa

Wasan kwaikwayo na talabijin, irin wanda a ke nunawa mako-mako, aikin taro ne. Akwai mai tsara labari, akwai mai ɗaukar hoto, akwai kuma 'yan wasa, wani sa'i goma, wani sa'i ashirin, kowa da nasa gurbi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da wuya a sami sana'ar da wannan magana ta fi dacewa da ita. Amma duk wanda ya bi tarihin waɗannan wasanni zai tarar da wani abin mamaki. Waɗansunsu, kome yawan mutanen da ke cikinsu, ransu duka yana rataye ga mutum guda. Ran da ya bari, ko ya tsufa, ko ya rasu, wasa ya tashi ke nan. Waɗansu kuwa a kan canja musu babban ɗan wasa har sau biyu, su ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa kome ba.

Abin da wannan takarda ta ke nema shi ne dalilin wannan bambanci. Amsar da za a kawo a taƙaice ita ce: in nauyin wasa yana kan muƙami ne, watau kan rawani, to, ana iya naɗa wa wani, in kuwa yana kan harshen ɗan wasa ne, watau yadda ya ke furta magana da yadda ya ke ƙera ta, to, babu magaji. Za a gwada wannan da wasanni uku na Nijeriya, sa'an nan a leƙa ƙasashen waje don a ga ko ma'aunin zai tsaya.

Zuwan talabijin da yadda a ke shirya wasa

Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi a Ibadan ran 31 ga Oktoba, 1959. Na Inugu ya biyo baya a 1960, na Kaduna kuwa a 1962. Kowace jiha tana riƙe da nata, har zuwa 1977, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NTA, ta haɗa gidajen a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Wannan haɗewa ita ta ba da damar a ɗauko wasan da ya yi farin jini a gari ɗaya a nuna wa ƙasa baki ɗaya a lokaci guda.

Kafin talabijin kuwa akwai rediyo, kuma daga can ne wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya sami yawancin gwanayensa. Wasannin Malam Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ta rediyo aka fara jin su, sa'an nan aka buga su littattafai a 1959 da 1960. Ya kamata a riƙe wannan, domin za a komo kansa. Wasan da aka rubuta maganganunsa ya rabu da bakin wanda ya fara yinsa. Kowace makaranta tana iya ɗauka ta raba wa yaranta.

Amma galibin wasannin Hausa na gidajen rediyo da talabijin ba haka a ke shirya su ba. Mai tsarawa ya kan kawo ƙashin labari kawai: wane zai shigo, zai tarar da wane, za su yi gardama a kan abu kaza, a rabu a kan kaza. Maganar da za a faɗa kuwa, ɗan wasa ne ke ƙago ta nan take. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, gama 'yan kama da 'yan gambara da masu tashe ba su taɓa riƙe takarda ba. Sai dai tana da sakamako babba. Tun da ya ke babu rubutacciyar magana, to, ɗan wasa shi ne marubucin rabonsa, kuma littafin yana cikin kansa. In ya tafi, da littafin ya tafi.

Hedimastan ƙauyen Oja: sarki goma, zamani goma

Misali na farko shi ne The Village Headmaster, wanda Segun Olusola ya ƙago. An fara nuna shi a talabijin na Ikko a 1968, bai rufe ba sai 1988. Labarin wani ƙauyen Yarabawa ne mai suna Oja, da sarkinsa, da fadawansa, da makarantarsa. Ga sunan wasan, sai a zaci hedimasta ne ginshiƙi, in an taɓa shi ɗaki ya rushe. Amma mutum uku ne suka riƙe wannan gurbi bi da bi: Ted Mukoro da fari, sai Femi Robinson, sai Justus Esiri. Wasan bai mutu a canjin farko ba, bai mutu a na biyu ba.

Dalilai biyu suka sa haka. Na ɗaya, hedimasta muƙami ne na gwamnati, kuma kowane ɗan kallo ya san a kan yi wa malamai canjin wurin aiki. Masu shirin ba su yi ƙoƙarin su ce sabon mutum shi ne tsohon ba. Sabon hedimasta suka kawo, da sunansa dabam, da halinsa dabam. Sarki goma, zamani goma. Na biyu, ainihin nauyin labarin ba a kan hedimasta ya ke ba, a kan ƙauyen ya ke. Ga sarkin Oja, wanda Dejumo Lewis ya fito a shi; ga Cif Eleyinmi, watau Funso Adeolu; ga Kansila Balogun; ga kuma Amebo, mai ɗaukar zancen wannan gida ta kai wancan, wadda Ibidun Allison ta fito a ita. Sunan Amebo ya bazu har ya zama kalma a Turancin buroka na Nijeriya, ma'anarta magulmaci. Rufin nan dai azarori da yawa ke ɗauke da shi, shi ya sa aka zare ɗaya aka sa wata bai faɗi ba.

Samanja Mazan Fama

Misali na biyu shi ya fi kusa da ɗaliban Hausa. An fara Samanja a Kaduna a 1973, ana jin sa a rediyo, ana ganin sa a talabijin. Labarin zaman bariki ne: sojoji da matansu da manyansu, da rigingimun da ke tashi tsakaninsu, da kuma tsakaninsu da farar hula. Daga baya, cikin shekarun 1980, NTA ta ɗauke shi ta riƙa nuna wa ƙasa duka, aka ƙara yawan Turancin buroka a cikinsa don waɗanda ba su jin Hausa.

Samanja ma muƙami ne. Kalmar daga Ingilishi aka aro ta, 'yar'uwar kofur da saje da manjo da kanar, kuma kowane bariki yana da nasa samanja. Bisa ga abin da aka gani a ƙauyen Oja, da sai a ce ana iya yi wa wannan ma canji, a kawo sabon samanja daga wata bataliya. Amma ba wanda ya taɓa zama Samanja a idon jama'a sai Alhaji Usman Baba Pategi. Don a gane dalili, wajibi ne a dubi mutumin, a kuma dubi harshen.

An haifi Usman Baba a 1942 a Pategi, ƙasar Nufe, cikin Jihar Kwara ta yanzu, kuma ɗan gidan sarautar garin ne. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aiki a gidan rediyo, sa'an nan ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, a sashen aikin sigina. Watau mutum ne wanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, ya ƙware da ita a Kaduna, ya kuma zauna cikin bariki ya ji maganar soja da kunnensa, ya yi ta da bakinsa.

Maganar soja kuwa tana da dogon tarihi. Tun 1863, sa'ad da Glover ya tara rundunarsa ta Hausawa a Ikko, da kuma 1897, sa'ad da aka kafa rundunar Afirka ta Yamma wadda Lugard ya shugabanta, Hausa ta zama harshen da sojoji na kabilu dabam-dabam ke magana da juna, har hafsoshin Turawa ma a kan bukace su su koye ta. A bakin waɗanda ba Hausawa ba sai ta sake kama, ta zama abin da a ke kira Barikanci. Daga cikin alamunsa akwai zubar da bambancin namiji da mace, a ce mace ya zo. Akwai sakin haruffa masu ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Akwai kuma cusa kalmomin fareti da na ba da oda a tsakiyar zance.

Daga wannan rijiya Usman Baba ya ɗebo. Gwanintarsa ita ce sauya harshe a tsakiyar jimla: ya fara da Hausa, ya tsallaka Turancin soja, ya komo, kuma kowace tsallakawa da dalilinta. In yana gaban na ƙasa da shi, murya ta kan tashi, oda ta yi yawa. In hafsa ya shigo, sai a ji ta sauko. In ya koma gida wurin iyali, sai wani samanja dabam ya bayyana. Dariyar ba a cikin labarin ta ke ba, gama labaran masu sauƙi ne. Tana cikin daidai inda harshe ya karye, da tsawon shirun da ya biyo baya, da yadda sauran 'yan wasa ke karɓar abin da ya jefo musu. Su kuwa ba 'yan rakiya ba ne. Ba domin su ba, da ba shi da wanda zai yi wa tsawa, ba shi da wanda zai ƙame wa. Amma matsayinsu kamar na 'yan amshi ne a ƙungiyar makaɗa. Ana iya sake ɗan amshi waƙa ta ci gaba. In zabiya ta yi shiru, amshi ba shi da abin amsawa.

Ya kamata a tuna kuma da zamanin. Daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, soja ke mulkin Nijeriya. Yi wa kaki dariya a fili ba ƙaramin abu ba ne a waɗannan shekaru. Abin da ya sauƙaƙa shi a nan shi ne mai yin abin ɗan gida ne, ya sa kakin da gaske. Soja ya ga kansa a madubi ya yi dariya, farar hula kuma ya sami kafar yi wa abin da ya ke tsoro dariya. Wannan izini na mutumin ne, ba na muƙamin ba, kuma ba a ba da shi aro. Alhaji Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna ran 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81.

Cif Zebrudaya: shaida daga Gabas

Don kada a zaci wannan al'amari na Hausa ne kaɗai, ga misali na uku daga ƙasar Ibo. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, James Iroha ya ƙago wani wasa a gidan rediyon Inugu mai suna Masquerade, don ya ba mutanen da suka sha wuya abin dariya. Wasan ya koma talabijin, daga baya NTA ta yaɗa shi da sunan The New Masquerade. A cikinsa akwai Cif Zebrudaya da matarsa Ovularia, da barorinsa biyu, Giringori da Clarus, da abokinsa Bayarabe, Jegede Shokoya.

Abin lura a nan shi ne, Iroha, wanda ya ƙago wasan, baran gida ya fito, watau Giringori. Ginshiƙin kuwa Chika Okpala ne, mai fitowa a Zebrudaya, kuma abin da ya sa ya zama ginshiƙi shi ne Turancinsa. Ya kan sa aikatau na jam'i inda na tilo ya kamata, ya kan liƙa wa kalma ɗafin da ba nata ba, ya kan ɗauko manyan kalmomi ya ajiye su inda ba su da aiki, duk kuwa da cikakkiyar izza ta wanda bai san ya yi kuskure ba. Mai nazarin harshe zai lura ɓarnar nan tana da ƙa'ida. Ba kowace karya nahawu ce ke zama maganar Zebrudaya ba.

Wannan wasa ya ba da gwaji mai kyau, domin an yi canji a cikinsa. Christy Essien, wadda ta fito a Apena matar Jegede, ta bar wasan ta shahara a waƙa. Aka kawo wa Jegede wata mata mai suna Ramota, wasa ya ci gaba. Gurbin matar aboki rawani ne, an naɗa wa wata. Gurbin Zebrudaya kuwa ba a taɓa ba wani ba, har ma bayan wasan ya tsaya, Okpala ya ci gaba da fitowa da wannan suna da wannan harshe a tallace-tallace.

Leƙen ƙasashen waje

A Amurka an yi wani wasan bariki tun kafin Samanja, daga 1955 zuwa 1959, labarin wani saje mai wayo, Bilko, da 'yan ƙungiyarsa. Da wani suna aka fara shi, amma ba a daɗe ba aka sake masa suna ya koma The Phil Silvers Show, watau sunan ɗan wasan da kansa. Makaminsa saurin baki ne. A 1996 an yi fim na wannan labari da wani gwanin ban dariya, Steve Martin, bai kuwa karɓu kamar na asali ba.

Misalin The Office na Amurka, wanda aka nuna daga 2005 zuwa 2013, ya ƙara wa ma'aunin nan kaifi. Babban gurbin cikinsa na manajan ofis ne, muƙamin da a ke iya ba kowa. Sa'ad da Steve Carell ya bari a 2011, an naɗa wani manaja daga cikin ma'aikatan, amma 'yan kallo suka ragu, bayan shekara biyu aka rufe. Wannan ya nuna kasancewar gurbi muƙami bai isa ba. Abin tambaya shi ne ina dariyar ta ke fitowa. A ƙauyen Oja daga ƙauye ta ke fitowa. A ofishin nan kuwa, kamar a barikin Samanja, daga bakin mutum ɗaya ne, saura suna mai da martani.

A Ingila an sami wata dabara. Wasan Doctor Who na BBC ya fara a 1963, William Hartnell na jan gaba. Da rashin lafiya ya hana shi aiki a 1966, sai masu shirin suka sa a cikin labarin cewa wannan taliki yana iya sake jiki da hali. Patrick Troughton ya karɓa, bai kuwa kwaikwayi na gabansa ba. Tun daga nan mutum fiye da goma sun riƙe gurbin. Watau sun mai da murya ta zama rawani da gangan. Dabarar ta yi aiki domin labarin na almara ne. Samanjan bariki ba shi da hanyar sake jiki.

Shaidar suna

Akwai wata alama ta harshe wadda a ke iya gane ɗan wasan da ba shi da magaji, ita ce sunan wasa ya haɗiye sunan yanka. Mutane da yawa da suka san Samanja ba su san Usman Baba ba. Haka Abdullahi Shu'aibu na Jos, wanda duniya ta sani da Karkuzu. Haka Rabilu Musa na finafinan Kano, wanda ya rasu a 2014, ba a kiransa sai Ibro. Justus Esiri kuwa, ko da ya ke an san shi da hedimasta, sunansa bai ɓace ba, ya ci gaba da fitowa a wasanni iri-iri. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya fito a Karambana da Hausa, ya fito a Kawu Gaga cikin Cock Crow at Dawn da Ingilishi, ya kuma zauna Ƙasimu Yero. Inda jama'a suka kasa raba mutum da sunan wasansa, sun riga sun yanke hukunci cewa gurbin nasa ne shi kaɗai.

Wannan ɗaukaka tana da tsada ta fuska biyu. Ɗan wasa ya kan makale cikin riga ɗaya, da wuya a karɓe shi cikin wata. Sauran ƙungiya kuwa, abincinsu ya rataya ga lafiyar mutum guda.

Abin da ya rage ga malamai

A nan ne za a koma ga Shu'aibu Maƙarfi. Jatau Na Kyallu yana da shekara fiye da 60, amma kowane malamin kwalejin horon malamai yana iya buɗe littafin gobe ya raba wa ɗalibai. Samanja ba shi da littafi irin wannan, kuma ko da an zauna an rubuta maganganunsa da rubutun yau da kullum, abin da ya sa shi ya zama Samanja ba zai shiga takarda ba. Ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna karin sauti, ba ta nuna tsawon wasali, balle tashin murya da saukarta, ko shirun da ke tsakanin kalma da kalma. Mai rubutawa kuma, saboda horon da ya samu, hannunsa zai riƙa gyara Barikanci ya mai da shi daidaitacciyar Hausa, ya goge shaidar da a ke nema.

Saboda haka abin dogara shi ne kaset. Kaset kuwa ba ya dawwama. A zamanin da a ke magana yana da tsada, gidajen talabijin da yawa su kan share tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. BBC da kanta ta yi haka, har kashi fiye da 90 na farkon Doctor Who suka salwanta, gidajen Nijeriya ma ba su tsira daga wannan hasara ba.

Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji iri uku ne. Na farko, a nemo abin da ya saura a gidajen rediyo da talabijin da hannun jama'a, a juye shi a kwamfuta, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Na biyu, a rubuta shi da rubutun masu nazarin furuci, da karin sauti da tsawon wasali, a nuna kowane wurin da aka sauya harshe, kada a gyara kome. Na uku, a zauna da sauran abokan wasan da masu tsara shirin da ke raye, a tambaye su yadda a ke ƙulla labari kafin a kunna na'ura, gama wannan ilmi ba a rubuce ya ke ba.

Amfanin wannan ya wuce tarihin wasan kwaikwayo. Barikancin da sojojin 1970 suka yi magana da shi ba shi ne na yau ba, kuma waɗanda suka ɗauki maganar bariki a faifai a lokacin ba su da yawa. Lalle maganar ɗan wasa ba ita ce maganar titi sak ba, an ƙara mata gishiri. Amma gishirin ba ya ba da dariya sai in 'yan kallo sun san miyar. Duk kaset ɗin Samanja da aka ceto, shaida ce ta yadda Hausa ta yi zama da Ingilishi a bakin soja, daga bakin wanda ya zauna cikinsu. Mai maganar ya riga ya tafi, ba kuwa wanda zai gaje shi. Abin da ya bari ne kaɗai a ke iya gada, muddin an tattara shi kafin ya lalace.